Baƙon fayil a cikin kwamfuta: asalinsa ake fara tambaya

Tun ranar 14 ga watan Oktoba na 2025 kamfanin Microsoft ya daina aiko da gyare-gyaren tsaro na kyauta ga Windows 10, manhajar da ke tafiyar da ɗimbin kwamfutoci a ofisoshi, makarantu da shagunan buga takardu daga Yamai har Damagaram. Kwamfutocin suna nan suna aiki kamar jiya, shi ya sa labarin ya wuce bai tayar da ƙura ba. Abin da ya canza ido ba ya ganinsa: duk ɓarakar da aka gano a jikin manhajar daga wannan rana za ta zauna a buɗe ga wanda bai shiga wani tsari na musamman ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar da a da ake bar wa masu gyara yanzu ta hau kan kowane sakatare, malami da ɗalibi: wannan fayil da ba a san shi ba, a buɗe shi ko a ƙyale shi?

Hanyoyi biyu, duka da ƙaya

Microsoft ya ba jama'a zaɓi biyu. Na farko shi ne a koma Windows 11, amma tana buƙatar wani ɓangaren tsaro mai suna TPM 2.0 da kuma injin da bai tsufa ba. Yawancin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika sharaɗin ba, alhali irinsu ne ke cika kasuwar kwamfutoci na hannu da ake shigowa da su daga Turai da ƙasashen Larabawa. Na biyu shi ne tsarin ƙarin wa'adi da ke kai mutum har 13 ga Oktoba na 2026, ko dai a kan dalar Amurka 30, ko kuma kyauta ga wanda ya haɗa kwamfutarsa da asusun Microsoft. An tsara shi ne don kwafin Windows mai lasisi, kuma kowa ya san yadda ake saka manhaja a yawancin shagunan gyara.

Manhajar tsaron da ke zuwa tare da Windows, wato Defender, za ta ci gaba da karɓar sabbin bayanai kan cututtuka har 2028, kamar yadda kamfanin ya sanar. Sai dai aikinta na mai gadi ne, ba ta ɗinke tsagar bango. Duniya ta ga abin da tsaga ke jawowa a ranar 12 ga Mayu na 2017, lokacin da cutar WannaCry ta kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kimanin 150, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda ba su saka shi ba ne suka ji jiki.

Takarda daban, umarni daban

Domin a gane haɗarin, sai an bambance fayiloli iri biyu. Hoto, waƙa ko wasiƙa abubuwa ne da kwamfuta ke nunawa. Akwai kuma fayil mai umarni, wanda masu faransanci ke kira exécutable: da an latsa shi, shi ne ke gaya wa kwamfuta abin da za ta yi, da duk ikon da mai kwamfutar ke da shi. Yana iya karanta kowace takarda, ya kwashe lambobin sirri da aka ajiye, ya kunna kyamara, ya jawo wasu manhajoji daga intanet. Ana gane shi da haruffan da ke wutsiyar sunansa. Wanda aka fi sani shi ne .exe, amma .msi, .scr, .bat, .vbs, .js da .lnk duk dangi ɗaya ne.

Matsalar ita ce Windows tana ɓoye wannan wutsiya idan ba a ce ta nuna ba. Fayil mai suna Facture.pdf.exe zai bayyana a matsayin Facture.pdf, kuma wanda ya ƙera shi yana iya manna masa jan tambarin nan na PDF. Dabarar ta girmi yawancin ɗaliban jami'a na yau. A watan Mayu na 2000, cutar ILOVEYOU da ta taso daga Filifin ta kama miliyoyin kwamfutoci cikin ƴan kwanaki da fayil mai kama da wasiƙar soyayya, alhali wutsiyarsa ta gaskiya .vbs ce. Shekara 25 bayan haka, ana ci gaba da faɗawa wannan rami. Maganinsa bai fi minti ɗaya ba: a buɗe kowane dosiye, a shiga Affichage, a zaɓi Extensions de noms de fichiers. Daga nan kusan kowane fayil zai fito da cikakken sunansa, kuma takardar kuɗi ko sanarwar ɗaukar aiki da ta ƙare da .exe ta tona asirin kanta.

Nijar na cikin jerin

Wanda ke ganin wannan matsalar manyan ƙasashe ce sai ya duba rahoton da kamfanin tsaron intanet na Group-IB ya fitar tare da sashen tsaro na Orange a watan Nuwamba na 2022. Rahoton ya bi sawun wani gungu mai magana da faransanci da aka laƙaba wa OPERA1ER, wanda ya kai hare-hare sama da 30 kan bankuna, cibiyoyin kuɗi da kamfanonin sadarwa tsakanin 2018 da 2022. An tabbatar da satar aƙalla dalar Amurka miliyan 11, kimanin miliyar 7 na sefa a canjin lokacin, kuma masu binciken sun ƙiyasta cewa asarar na iya kai miliyan 30. Nijar na cikin ƙasashen da aka lissafa, tare da Kodibuwa, Mali, Burkina Faso, Benin, Senegal, Togo, Kamaru da Najeriya.

Abin lura a labarin shi ne yadda gungun ke shiga. Saƙon imel ne da faransanci mai kyau, wani lokaci a matsayin sanarwa daga ofishin haraji, wani lokaci a matsayin tayin aiki daga babban bankin BCEAO, ɗauke da fayil ko adireshin sauke shi. Ma'aikaci ɗaya ya latsa, sai wata manhajar leƙen asiri ta zauna a kwamfutarsa. Kayan aikinsu ba na musamman ba ne, irin waɗanda ake samu kyauta ko a saya da araha ne a ɓoyayyun kasuwannin intanet. Sukan yi wata 3 zuwa 12 a cikin gidan suna koyon yadda kuɗi ke fita da shiga, sannan su kwashe a ƙarshen mako ko ranar hutu. A wani harin sun yi amfani da asusu sama da 400 na ƴan koren da suka ɗauka domin fitar da kuɗin. A watan Yuli na 2023 hukumar Interpol ta sanar da kama wanda ake zargin babban jigo ne a gungun a Kodibuwa.

Idan banki mai ma'aikatan kwamfuta da kasafin tsaro ya faɗi ta hanyar fayil guda, ina ga ofishin magajin gari, ƙaramin asusun ajiya ko ɗan kasuwar da ke riƙe lissafin bashinsa duka a kwamfuta ɗaya?

Kilen USB, jakar kowa da kowa

A garuruwan Nijar, inda kuɗin intanet ke da nauyi, yawancin fayiloli a aljihu suke tafiya. Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu a Maraɗi ko Tawa yana kai kilensa shagon buga takardu, kilen ta shiga kwamfutar da wasu da yawa suka shiga a ranar, ta dawo gida da abin da ba a aike ta ba. Kowane mai gyara ya san cutar da ake kira birus rakursi: mutum ya buɗe kilensa ya tarar dosiyoyinsa sun koma gajerun hanyoyi masu ƴar kibiya a gefe. Takardun suna nan, ɓoye su aka yi. Idan ya latsa gajerar hanyar, takardarsa za ta buɗe kamar yadda ya saba, amma a bayan fage cutar ta riga ta tashi. Shi ya sa da yawa ke ɗaukar abin a matsayin ƴar damuwa, su ci gaba da harkarsu.

Binciken kamfanin Sekoia na Faransa ya nuna abin ya wuce ƴar damuwa. A watan Satumba na 2023 masu bincikensa suka sayi adireshin intanet da wani nau'in cutar PlugX mai bin kilen USB ke kai wa rahoto, a kan dala 7 kacal, bayan masu cutar sun yi watsi da shi. Cikin wata 6 suka ƙirga adireshi kusan miliyan 2.5 daga ƙasashe sama da 170 da ke neman umarni, kuma Najeriya ce ke kan gaba a jerin. PlugX manhajar leƙen asiri ce da ke ba wanda ke riƙe da ita damar kwashe takardu daga nesa. Wanda ya san yadda mutane da kaya ke kai da komo tsakanin Maraɗi da Katsina, ko Damagaram da Kano, ya san kilen USB ba ta tsayawa a kan iyaka.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Hanya ta uku ita ce ta fi wuyar magana, domin kusan kowa na ciki. Lasisin Windows, Office ko Photoshop ya fi ƙarfin aljihun talaka, sai a koma ga kwafin da aka fasa da ƴan manhajojin da ke kunna shi. Umarnin farko da ke zuwa da irin waɗannan kaya shi ne a kashe antibirus kafin a saka. Mai gyara ya kashe, ya saka, ya ce wa mai kwamfuta kada ya damu da jan gargaɗin, ƙarya yake yi. Wani lokaci maganarsa gaskiya ce, domin manhajojin tsaro na ƙorafi a kan kayan fashi ko da ba su ɗauke da wata cuta. Amma mai gyaran kansa ba shi da hanyar bambance kwafin da ke kunna Office kawai da wanda aka cusa wa ɓarawo a ciki.

Masu laifi sun san da haka. Cutar STOP, wadda ake kuma kira Djvu, ta yi shekaru tana yaɗuwa ta cikin manhajojin fashi. Tana kulle takardu da hotunan mutum, ta nemi fansar dala 980, ko 490 idan an tuntuɓe su cikin awa 72, wato sama da jika 250 a mafi araha. A watan Mayu na 2025 Microsoft ya sanar da gano kwamfutoci sama da 394,000 da cutar Lumma ta kama cikin wata 2 kacal. Aikinta satar lambobin sirri ne, na imel, na Facebook, na banki, kuma manhajojin fashi na cikin hanyoyin da take bi.

Babbar ɓarnar wannan al'ada ita ce ta koya wa mutane raina gargaɗi. Wanda ya saba ganin saƙon Windows a protégé votre ordinateur yana tsallake shi da Exécuter quand même, ranar da gargaɗin ya zama gaskiya ma haka zai yi.

Tambayoyi huɗu kafin a latsa

Ta farko, wadda ta fi sauran nauyi: daga ina fayil ɗin ya fito, kuma an neme shi? Manhajar da mutum ya je da kansa shafin kamfanin da ya ƙera ta ya sauko da ita daban take da wadda ta iso ta WhatsApp, ta imel ko ta wani talla da ya faɗo yana cewa kwamfuta ta kamu. Sanin wanda ya aiko bai isa hujja ba, domin asusun da aka sace yana aika wa abokan mai shi da sunansa. Kiran waya na minti ɗaya zuwa ga wanda ake zaton ya aiko yana warware yawancin shakku. Haka kuma duk shafin da ya ce a latsa maɓallin Windows da R a manna wani rubutu domin a tabbatar mutum ne ba inji ba, tarko ne da ya yawaita tun 2024: mai kwamfuta ne ake sa wa ya buɗe wa ɓarawo da hannunsa.

Ta biyu: a ina yake zaune? Mutane da yawa kan buɗe Gestionnaire des tâches su ga suna irin svchost.exe ya bayyana sau da yawa, su tsorata su nemi goge shi. Na gaskiyar ɓangaren Windows ne, kuma gidansa C:\Windows\System32. Cututtuka kan ari sunan, ko su sauya harafi ɗaya kamar scvhost.exe, su fake a dosiyoyin Temp ko AppData. Kama da wane ba ta wane. A latsa maɓallin dama na suri a kan sunan, a zaɓi Ouvrir l'emplacement du fichier, a ga inda ya kai. Neman suna kaɗai a intanet ba ya raba gardama, kuma shafuka da dama da ke fitowa a irin wannan bincike so suke su sayar wa mai tsoro wata manhajar shara da ba ya buƙata.

Ta uku: wa ya sa masa hannu? Manyan kamfanoni na sa wa manhajojinsu hatimi, ana ganinsa a Propriétés, ƙarƙashin Signatures numériques. Fayil da ya ce daga Adobe ko Google yake amma ba hatimi, ko hatimin na wani kamfani ne da ba a taɓa ji ba, a bar shi. Sai dai hatimi shaida ce a kan wanda ya fitar da kaya, bai tabbatar da lafiyar kayan ba. A 2010 cutar Stuxnet ta yi yawo da hatiman da aka sace daga kamfanoni biyu na Taiwan. A 2017 ɓarayi sun shiga kamfanin da ke ƙera CCleaner suka cusa cuta a cikin manhajar, aka sa mata hatimi na gaskiya, mutane fiye da miliyan 2 suka sauke ta. A ɗaya gefen kuma, ƙananan manhajoji masu amfani da yawa ba su da hatimi saboda tsadarsa.

Ta huɗu: me masana suka ce? Shafin VirusTotal, wanda aka kafa a Spain a 2004 kuma Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da manhajojin tsaro kimanin 70 a lokaci ɗaya, kyauta. Idan da yawa daga cikin sanannun suka ce cuta ce, magana ta ƙare. Idan ɗaya ko biyu ne kawai suka yi ƙorafi, yana iya zama kuskure. Idan ba wanda ya yi ƙorafi, ma'anarsa ba a san shi da laifi ba tukuna, kuma cutar da aka ƙera jiya haka take fitowa fes. Akwai kuma abin kiyayewa: duk fayil da aka ɗora a shafin yana isa hannun kamfanonin tsaro da masu bincike, don haka takardar albashi, kwangila ko wasiƙar ofis ba wurinsu ba ne.

Ba ɗaya daga cikin huɗun da ke wanke fayil ita kaɗai. Haɗuwarsu ce ke ba da hukunci, kuma idan ta farko ta faɗi, sauran ukun ba sa ceto. Ƙa'idar ɗaya ce a wayar salula, inda fayil mai umarni ke ƙarewa da .apk kuma ake tura shi daga waya zuwa waya. A 2021 kamfanin Kaspersky ya gano cutar Triada a cikin FMWhatsApp, ɗaya daga cikin kwafin WhatsApp da aka yi wa kwaskwarima waɗanda matasa ke so saboda ƙarin kwalliya.

Idan hannu ya riga ya latsa

Abu na farko shi ne a raba kwamfutar da intanet, a cire duk kilen da ke jikinta, kada a kai su wata kwamfutar. Sannan a sauya lambobin sirri daga wata na'urar daban, a fara da na imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran asusu. A ofis, a sanar da shugaba nan take. Ma'aikacin da ya ɓoye kuskurensa don tsoron faɗa shi ne ke ba ɓarayi watannin da suke buƙata, kuma shugaban da ke hukunta mai faɗin gaskiya shi ke koya wa sauran yin shiru. Idan kuɗi suka fita, akwai sashen yaƙi da laifukan intanet na ƴan sandan bincike a Yamai. Wanda ke da kwafin takardunsa a wani faifai da ba ya zama a jikin kwamfuta kullum, mai neman fansa ba shi da abin riƙe shi.

Rabon hukuma

Nijar na da dokar hukunta laifukan intanet tun 3 ga Yuli na 2019, kuma ta tanadi hukunci kan kutse cikin na'urorin wasu. Amma abin da jama'a suka fi sani game da ita shi ne sassan ɓata suna da zagi, waɗanda aka sassauta a 2022 sannan aka mayar musu da hukuncin ɗauri a watan Yuni na 2024. Muhawarar ta tsaya kan abin da mutane ke rubutawa, ba a cika jin ta kan abin da ke shiga kwamfutocin da ke riƙe da takardun haihuwa, sakamakon jarrabawa da albashin ma'aikata ba. Akwai hukumar ANSI mai kula da harkar zamanantar da ayyukan gwamnati, akwai HAPDP mai kare bayanan jama'a. Ƙarshen wa'adin Windows 10 dama ce gare su su ƙirga kwamfutocin ma'aikatu, su san nawa ke aiki da kwafin fashi, su yanke shawara tsakanin sayen lasisi da komawa ga manhajoji na kyauta na halal irin su Linux da LibreOffice, waɗanda ke tafiya lafiya a kan tsofaffin injuna.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a ɗora wa sakatare laifin latsa fayil alhali ofishin ne ya ba shi kwamfuta mai antibirus a kashe, ba tare da horo ko na yini ɗaya ba. Ƙarin wa'adin da Microsoft ya bayar zai ƙare ranar 13 ga Oktoba na 2026. Kafin nan, akwai abin da kowane mai kwamfuta zai iya yi yau ba tare da kashe ko dala ɗaya ba: ya sa Windows ta nuna wutsiyar fayiloli, ya kunna antibirus ɗin da aka kashe masa, kuma duk fayil mai umarni da ya zo ba da gayyata ba, ya bar shi a rufe har sai ya san wanda ya aiko shi.